Musun Gidan Kallo da Filin Kokawar da Muka Bari



Wani daren Alhamis, bayan kasuwar shanu ta watse, ƙura ta lafa, dillalai sun gama lissafi sun kama hanyar gida, muna zaune a bakin teburin mai shayi sai hayaniya ta tashi daga gidan kallon da ke kusa. Mun ɗauka faɗa ne. Ashe musu ne ya kaure tsakanin samari a kan wanda ya fi ƙarfi tsakanin Roman Reigns da Brock Lesnar, ƙartin nan biyu na kokawar Amurka, wadda yaranmu ke ce wa kac, mutanen Najeriya kuma suke ce mata resilin. Kowa ya kafa hujja, har da mai rantsuwa. Wani dattijo mahauci da ke tare da mu ya gaji da ji, ya ɗaga murya ya ce: “Kai yara! Ku daina ɓata yawunku. Wannan abin an gama shirya wanda zai faɗi tun kafin su tuɓe riga.” Ɗaya daga cikin samarin ya matso, ya rusuna kamar yadda ya kamata, ya ce: “Baba, ai mun sani. To ina ake yin ta gaskiyar mu je mu kalla?”

Dattijon bai ce uffan ba. Mu ma da muke gefe ba wanda ya iya karɓar masa. Wannan tambaya ce ta sa muka ɗauki alƙalami, domin tun daren nan ba ta bar mu mun huta ba.

Bari mu fara da wanke samarin, tun da su aka fi ɗora wa laifi. Ba wawaye ba ne. Cewa kokawar WWE shiryayya ce ba asiri ba ne da wani tsoho zai tona musu. Tun a 1989 kamfanin da kansa ya shaida wa 'yan majalisar jihar New Jersey cewa abin da yake yi nishaɗi ne, ba gasa ba ce ta haƙiƙa, domin ya kuɓuta daga dokoki da kuɗaɗen da ake ɗora wa wasannin gasa. Mai kallo a Amurka ya san haka, mai kallo a Bogo ma ya sani. Abin da suke bi shi ne labari: ga mugu, ga nagari, ga amini da zai ci amana ana tsaka da wasa. Wanda ya taɓa zama gaban kaka yana jin yadda Gizo zai yi da Ƙoƙi, ko ya kwana kallon fim ɗin Indiya yana jiran a kashe bos, ba shi da bakin yi wa yaran nan dariya. Lokacin da aka kayar da Undertaker a WrestleMania a 2014, bayan ya yi nasara sau 21 a jere a wannan taro, manya da gemu sun yi jugum kamar an yi musu rasuwa, alhali sun san rubutacce ne. Kuma tsallen da ƙartin ke yi da faɗuwar da suke sha na gaske ne, ƙashi na karyewa. Abin da kawai muke roƙo shi ne a riƙa gaya wa ƙananan yara cewa waɗancan sun shekara suna koyon faɗuwa a kan dandamali mai lanƙwasa, kada wani ya ɗaga ƙanensa ya maka shi a kan siminti.

Saboda haka damuwarmu ba ƙaryar wasan ba ce. Damuwarmu ita ce irin 'yan kallon da muka zama. Mun zama masu ra'ayi mai zafi a kan abin da ra'ayinmu ba ya taɓawa ko da ƙwayar zarra. Mu yi ihu har murya ta dishe, Roman Reigns bai san akwai wani gari Bogo a bayan ƙasa ba. Mu yi fushi mu ƙaurace, ba abin da zai ragu a aljihun kowa sai na mai gidan kallo da ya sayi man janareta.

Ba haka ɗan kallo yake ba a kokawar da iyayenmu ke ba mu labari, wadda har yau ake yi a ƙasar Hausa. A can ɗan kallo yana cikin wasan. Idan kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, ciki ya cika, samari sukan fito dandali, jama'a su yi da'ira, makaɗa su zauna a gefe. Ɗan kokawa yana jin muryar kowa. Yana jin guɗar ƙanwar babansa, yana jin tsakin wanda ya raina shi. Idan ya yi kaye mai kyau, mutum zai keta fili ya manna masa kuɗi a goshi a gaban idon duniya, wani ya ba da riga, wani ya yi alkawarin dami. Idan alƙali ya yi son kai, ba sai an jira gobe ba, nan take fili zai gaya masa. Abin da ya fi wannan duka muhimmanci shi ne, ra'ayin da ka faɗa da la'asar za ka haɗu da shi da safe. Wanda ka ce ragon banza ne shi zai auna maka nama a kasuwa, ko kuma ɗan maƙwabcinka ne da za ku haɗu a sahun Asuba. Dole ka auna maganarka. Daga wannan dolen ne habaici da zambo da gugar zana suka samu gindin zama, domin mutum yana son ya soki abokin hamayya ba tare da ya ɓata zumunci ba, sai harshe ya yi ta neman hanya. Shi kuwa zagin ɗan wasan da ke wata nahiya ba ya bukatar gwaninta. Ashar ɗaya ta wadatar, ga ta nan kuwa muna gani tana yawo a Facebook da WhatsApp.

Wani zai ce ai kac ba ita ce ta cinye mu ba, ƙwallon ƙafa ce. Gaskiya ne, kuma ciwon ɗaya ne. Musun Real Madrid da Barcelona ya raba abokai a garin nan, ga cacar da ta biyo bayansa ta waya tana lashe kuɗin cefane. Amma ƙwallon ita ce kuma ta nuna mana cewa jinin ɗan kallo na gaske bai daskare a jikinmu ba. Muna da Coton Sport a Garwa, wadda aka kafa a 1986, ta kai wasan ƙarshe na kofin CAF a 2003, ta sake kaiwa wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008 inda Al Ahly ta Masar ta doke ta. Mai tsaron gidanta a wancan zamani, Kassaly Daouda, ɗan Nijar ne. Daga cikinta Vincent Aboubakar ya fito, wanda ya ci ƙwallon da ta ba Kamaru kofin Afirka a 2017, ya kuma zura wa Barazil ƙwallo a gasar duniya ta 2022. Sannan wa zai manta watan Janairun 2022, lokacin da aka buga gasar kofin Afirka a filin Rumde Ajiya? Najeriya ta zauna a Garwa, ta ci Masar ɗaya da nema, ta ci Sudan, ta ci Gini Bisau, kafin Tunisiya ta fitar da ita a wannan filin. Mutane sun tsallako daga Yola da Mubi, mu ma wasunmu sun bi mota daga nan ta Marwa, ana ta Hausa da Fillanci a kan kujeru kamar ranar Salla. Waɗanda suka je sun dawo da wani abu da talabijin ba ta taɓa ba su ba: sun yi ihu, ɗan wasa ya waiwayo ya ɗaga musu hannu. To bayan gasar ta wuce, mu nawa muka sake komawa don kallon Coton ɗin kanta? Kowa ya ba kansa amsa.

A nan za mu ɗan yi nisa, mu leƙa wasu wasanni biyu da ba a yi a wajenmu, domin akwai darasi a wurin magoya bayansu. Ɗaya shi ne besbol, wasan Amurkawa na bugun ƙaramar ƙwallo da kulki. Ɗayan kuma hoki, ƙwallon gora da mutanen Kanada ke yi a kan ƙanƙara da takalma masu kaifin ƙarfe. Abu na farko da ya burge mu game da su shi ne rubutu. Babbar ƙungiyar gasar besbol ta farko da ta rayu har yau an kafa ta tun 1876, kofin Stanley na hoki kuwa tun 1893 ake ba da shi, ana kuma zana sunayen waɗanda suka ci a jikinsa. Idan magoya bayansu biyu suka kama musu a kan gwanin yau da gwanin shekara tamanin da suka wuce, akwai littafin da za a buɗe. Jika yana musu da kakansa a kan abu ɗaya, da hujja ɗaya. Mu kuwa a ce wa ɗayanmu ya lissafa 'yan kokawa biyar da aka taɓa ji da su a unguwarsu zamanin kakansa, sai ya kama sosa ƙeya. Amma zai kawo maka sunayen 'yan benci na Manchester United ba tare da ya numfasa ba.

Abu na biyu ya fi ɗaci. Duk da wannan ƙauna da wannan rubutu, ranar da masu kuɗi suka ga riba a wani wuri, ɗauke ƙungiya suke yi ɗungurungum. A 1995 aka kwashe ƙungiyar hoki ta birnin Kebek aka kai ta Denba a Amurka, ta canza suna, ta kuma ci kofi a shekarar farko a sabon gidanta, mutanen Kebek suna kallo a talabijin. Bayan kakar 2004 aka ɗauke ƙungiyar besbol ta Montiriyal aka mayar da ita Washinton. Waɗannan fa mutane ne da suka sayi tikiti shekara da shekaru, suka kai 'ya'yansu fili. Idan har su ba a saurare su ba, ina ga mu da muke biyan kuɗin benci a gidan kallo mai nisan dubban kilomita? Wasan da ba naka ba, aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Yanzu mu dawo kusa, mu dubi inda aka riƙe wasan gida da hannu biyu. A Jamhuriyar Nijar, tun 1975, zamanin Seyni Kountché, aka mayar da kokawar gargajiya gasar ƙasa. A Tawa aka yi ta farko, Yakuba Kantu na Maraɗi ya lashe. Tun daga lokacin ake zagayawa da ita daga jiha zuwa jiha, kowace daga cikin jihohi takwas ta kawo 'yan kokawa goma, a yi kwanaki ana gwabzawa har a samu mutum ɗaya da bai faɗi ba, a naɗa masa rawani a miƙa masa takobi. Ita ce Kokawar Takobi. Kwanakin da ake yin ta, kasuwa takan yi sanyi, ma'aikaci yana ofis kunnensa na kan rediyo, mai tuƙa babur ya faka a gindin bishiya inda aka kunna talabijin. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne yadda suka mayar da sunayen gwanayensu sunayen wurare. Filin kokawar Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, na Doso sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram sunan Langa-Langa. Yaron da aka haifa bayan rasuwarsu, idan ya tambayi dalilin sunan, ya buɗe ƙofar labari ke nan. A wannan zamani kuma ga Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ɗan jihar Doso, da ya ɗauki takobi karo na shida a Agadas a ƙarshen 2023, har musun da ake yi a majalisun Nijar ya koma ko shi ne gwanin gwanaye ko kuwa mazan jiya sun fi shi abokan karawa masu tauri. Ku lura, musu ne irin na gidan kallonmu sak. Bambancin shi ne masu yin sa suna iya zuwa fili, kuma wanda ake musu a kansa yana jin yaren da ake yi.

Ba mu ce kokawar Nijar aljanna ce ba. Duk wanda ya kalle ta ya ga yadda ake ɓata lokaci wajen ɗaure-ɗauren layu da guraye da shafe-shafe, ya ga karawar da mutum biyu za su yi ta zagaya juna kowa na tsoron kai hannu har 'yan kallo su gaji, ya ji ƙorafin magoya baya a kan alƙalai, ya ga yadda manyan mutane ke rige-rigen sanar da kyauta don a ambaci sunansu a lasifika. A Sanagal kuwa, inda kokawa ta zama sana'ar miliyoyi har da naushi a ciki, sunaye irin su Yekini da Balla Gaye na biyu da Modou Lo suka zama sarakuna, an gina musu katafaren fili a Pikin a 2018, amma rigimar magoya baya bayan an tashi ta zama abin da hukuma ke kwana da shi a rai. Kuɗi idan ya shiga wasa yakan shigo da 'yan rakiyarsa. Sai dai duk waɗannan matsaloli ne na abin da yake raye. Mu matsalarmu ta fi tasu sauƙin faɗi: ba mu da filin da za a yi rigimar a kai.

Ba sai mun je Nijar ba ma. Maƙwabtanmu na gabas da kudu, Musgum da Masa da Tupuri, ba su saki kokawarsu ba. Wanda ya san yankin Yagwa ya san al'adar guruna ta Masa, inda samari ke keɓewa da shanu suna shan nono su yi ƙiba da ƙarfi, su fito a yi rawa a yi kokawa a wuraren taro. Suna kallon ƙwallon Turai kamar mu, suna da wayoyi kamar mu. Ashe ke nan tauraron ɗan'adam ba shi ne ya kashe wasan kowa ba. Wanda ya bari nasa ya mutu, shi ya bari.

Ga kuma inda abin ya fi shafar mu a matsayinmu na Hausawa 'yan tsiraru a wannan ƙasa. Yaronmu yana tashi da Fillanci a titi da kasuwa, yana shiga makaranta a koya masa Faransanci, kuma ba mu ga aibun ko ɗaya ba, arziki ne. Amma Hausarsa tana ta tsukewa, ta koma ta aike da ciniki da gaisuwa. Hausar da ake yi wa kirari da ita, wadda ɗan kokawa zai tsaya tsakiyar fili ya ɗaga hannu ya ambaci kansa da ubansa da garinsu, ya kwatanta kansa da namun daji da ruwa da wuta har tsigar jikin mai sauraro ta tashi, wannan Hausar ba a koyon ta a aike. Haka Hausar maroƙi da ke tsara mutum, da ta makaɗi da ke kiran sunan ɗan wasa da kalangu shi kuma ya gane ana kiran sa. Waɗannan ba su da wani mazauni sai fili. Waƙoƙin da Ɗan Anace ya yi wa Shago da sauran 'yan dambe, da waɗanda Sagalo ya yi wa 'yan kokawar Nijar, suna nan a wayoyinmu, muna jin daɗinsu, amma ku gwada kunna wa ɗan shekara goma sha biyar ku ce ya fassara muku. Zai ji kalmomin, ma'anar ta wuce shi, domin bai taɓa tsayawa inda ake bukatar irin wannan magana ba. Dambe kuwa, kowa ya sani, gadon mahauta ne tun asali, kuma garin da ake ji da shi a harkar shanu da nama bai kamata a ce 'ya'yan mahautansa sai a YouTube suke ganin yadda ake naɗe hannu ba.

Mun san abin da za a ce mana, domin an riga an faɗa mana a zaure fiye da ɗaya.

Malamai za su ce akwai tsiraici, akwai layu da tsafi, akwai cakuɗuwar maza da mata, akwai shagala da ke sa a bar salla. Ba mu raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma ba mu ne za mu yi wa malamai fatawa ba. Abin da muka sani shi ne kokawa ita kanta, gwada ƙarfi tsakanin mutum biyu ba da nufin cuta ba, ba a kanta ake yawan jayayya ba, a kan abin da ake lulluɓe ta da shi ne. To waɗannan a hannunmu suke. Wando zuwa gwiwa ba ya hana kaye. Ana iya cewa ba mai shiga fili da laya ko guru, alƙali ya duba. Ana iya farawa bayan La'asar a tashi kafin Magariba, mata su sami gefensu. Kuma muna roƙon malamanmu, cikin girmamawa, su kwatanta wannan da abin da yaran ke kallo yanzu a ɗaki mai duhu har tsakar dare, babu babba ko ɗaya a kusa, ga tallan caca na wucewa a ƙasan allo. Ba tsakanin kokawa da zaman karatu ake zaɓi ba, tsakanin kokawa da wancan ne.

Wasu za su ce tsaro. Wannan ma gaskiya ce mai nauyi. Duk wanda ya zauna a jihar Arewa Mai Nisa tun daga 2014 ya san dalilin da ya sa taron jama'a ya zama abin taka-tsantsan, ya san kasuwanni da tashoshin da aka yi kuka a cikinsu. Ba za a tara mutane ba tare da sanin Lamiɗo da izinin hukuma ba, kuma bai kamata ma a gwada ba. Amma kasuwar Alhamis tana ci, ana bukukuwan aure, ana hawan Salla, ana buga ƙwallon unguwa. Taron da aka yi da rana tsaka, a fili buɗaɗɗe, tsakanin mutanen da suka san juna, bai fi waɗannan haɗari ba.

Akwai kuma masu cewa samarin yanzu ba za su yarda su tuɓe su shiga ƙasa ba, sun waye. Wannan maganar dattawa ce da ba su gwada ba. Saurayin da ke ɗaga buhun masara a tasha, da wanda ke kayar da bijimi a mayanka, da wanda ya cika gwangwani da siminti ya mayar da shi ƙarfen motsa jiki a bayan gida, duk ƙarfinsu na neman inda za a gan shi ne. Abin da ya hana su shi ne ba wanda ya taɓa ce musu akwai daraja a ciki. Ranar da aka manna wa na farko jaka biyar a goshi, aka ɗauki hotonsa ya zagaya wayoyin garin, 'yan mata suka san sunansa, ranar za a ga layi.

A nan ne muke ganin laifin ya fi karkata ga manya, mu da muke rubutun nan a ciki. Mun iya zama mu ce zamani ya lalace, yara sun bi Turawa. Amma wasa ba ya shirya kansa. A da akwai wanda ke kiran makaɗa, akwai wanda ke share fili, akwai mai unguwar da ke aika goro ƙauyen gaba a ce a turo samari. Waɗannan ayyuka ne na mutane masu suna, kuma da suka tsufa ba wanda ya karɓa. Mai gidan kallo shi ya karɓi aikin tara samari, ya kuwa riƙe shi da gaskiya: yana buɗewa kan lokaci, yana rubuta wasannin mako a allo, yana gyara janareta idan ta lalace. Da mun yi wa kokawa rabin hidimar da yake yi wa kac, da ba a yi mana tambayar da ta rufe mana baki ba.

Abin da muke ba da shawara ƙarami ne, da gangan kuma muka ƙanƙanta shi, domin mun sha ganin manyan shirye-shirye da suka mutu a taron farko wajen rabon muƙamai. Yamma ɗaya tak, bayan an gama girbin damina kafin aikin muskuwari ya sake ɗaure mutane. Shugabannin Hausawa da na mahauta su je fada su nemi albarka, a sanar da hukuma. A fara da yara da matasa, a haɗa kowa da tsaransa a jiki, kada a haɗa ɗan maraƙi da bijimi don a yi dariya. Alƙalai su kasance dattawa uku da ba su da ɗa a cikin masu karawa. A buɗe wa kowa, Bafulatani da Bamusgume da Babarbare da duk wanda ya ga zai iya, domin fili na Hausawa zalla a Bogo ba zai cika ba, kuma ba mu taɓa zama mu kaɗai ba balle mu yi wasa mu kaɗai. Sharaɗinmu ɗaya ne: kowa ya yi kirarinsa da harshen uwarsa kafin ya kama, namu yaran kuma su yi da Hausa, ko da sai sun kwana uku wajen kakanninsu suna haɗa shi. Dambe a ɗan jinkirta shi sai an sami wanda ya san ƙa'idarsa da mai duba rauni, domin shi ba ya yafe ganganci.

Sannan a sayi littafi mai bango mai ƙarfi. A rubuta ranar, a rubuta sunan kowane ɗan wasa da na ubansa da unguwarsu, wa ya kayar da wa, da wane irin kamu. Shafukan farko kuma a bar su fili, a zagaya wajen tsofaffin da suka rage a tambaye su gwanayen da suka gani da idonsu ko suka ji daga iyayensu, a rubuta tun ana iya samun mai faɗa. Masu wayoyi su ɗauka, su turo mana nan, mu saka. Idan musu ya tashi a ƙarƙashin hoton, a yi shi da kyau, da sanin cewa wanda ake magana a kansa zai karanta, uwarsa ma za a karanta mata.

Mun koma wajen dattijon nan bayan kwana biyu, muka same shi a rumfarsa yana wasa wuƙa. Muka ce: “Baba, yaron nan fa har yanzu yana bin mu amsa.” Ya yi shiru, sannan ya ce akwai kalangun wani amininsa marigayi a rataye a zauren gidansu, shekaru ba a taɓa shi ba, fatar ta tsage, tsarkiyar ta bushe. Muka ce to ai shi ke nan, an rasa makaɗi an rasa ganga. Ya ɗago ya dube mu kamar mun faɗi abin kunya, ya ce: “Fata ce za ta gagare mu a garin nan? Ku dai ku nemo mai kaɗawa.”